Wadda ba ta san komai ba, da wace manhaja za ta fara haɗa shafin intanet?

'Yar Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kuma kar a yi min dariya. Ina so in koyi haɗa shafin intanet amma ban san komai ba, komai fa nake nufi, abin da na iya a kwamfuta bai wuce taifin da tura imel ba. Na ji ana cewa akwai manhajojin da kawai jawo abu za ki yi ki ajiye sai shafi ya haɗu, irin su Wix da WordPress, wasu kuma suka ce wai wannan ba koyo ba ne sai na fara da HTML. To ni kaina ya kulle. Burina in fara yi wa ƙungiyarmu ta masu karatu shafi, idan hannuna ya faɗa in riƙa yi wa mutane. Ta ina zan kama?

Ɗan Gajerar Hanya:
Wa'alaikumussalam. Ƙanwata kar ki bari a wahalar da ke, ki buɗe Wix yau ɗin nan, ki yi rajista da imel ɗinki, ki zaɓi tamfilet, wato samfurin shafi da aka riga aka tsara, ki canza rubutu da hotuna, kafin ki kwanta kin ga shafinki a intanet. Akwai tsarin kyauta, illa dai za su manna tallarsu a sama kuma sunansu zai fito a adireshin. Idan ma wannan ya yi miki yawa akwai Google Sites, shi ko yaro zai iya

Mai Kod:
Ka fara ko? Kullum maganarka kenan. Ta ce KOYO take son yi, ba ta ce shafi take so kafin dare ba. Wanda ya jawo akwati ya ajiye me ya koya? Ranar da abu ya karkace ba zai san inda zai taɓa ba. 'Yar Koyo ki fara da HTML, yaren da ake tsara abin da ke cikin shafi da shi, sannan CSS, na yi masa kwalliya, akwai shafukan koyo irin su freeCodeCamp da MDN da W3Schools duk kyauta, idan kin gane su duk manhajar da aka ba ki wasa ce.

Ɗan Gajerar Hanya:
Mutumina mutum nawa ka tura freeCodeCamp suka kai ƙarshe? Faɗi gaskiya. Mutum ya zo da zumuɗinsa ka haɗa shi da baƙin allo da alamomi, sati bai cika ba ya gudu ya ce abin ba nasa ba ne

Mai Kod:
Wanda ya gudu daga HTML dama ba zai yi nisa ba. HTML fa ba lissafi ba ne, lakabi ne kawai kake liƙa wa rubutu, wannan kanun magana ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. Me ye abin gudu a nan

'Yar Koyo:
Kun ga irin abin da nake faɗa ko 😭 duk inda na tambaya haka ake rabuwa biyu

Tsohon Hannu:
Ku dakata in sa baki, don wannan gardamar ta girmi wasunku. Tun muna amfani da Microsoft FrontPage ake yin ta, sai Dreamweaver da Macromedia ta fitar a 1997 kafin Adobe ta saye kamfanin a 2005, shi ma ana cewa masu amfani da shi ragwaye ne. Yanzu ina FrontPage? Na 2003 ne na ƙarshe. Adobe Muse ya zo mutane suka zuba lokacinsu a kai, a 2018 aka sanar an daina ci gaba da shi. Flash kuwa, fasahar sa motsi a shafi da ake ganin shi ne ƙarshen ƙwarewa, ƙarshen 2020 aka rufe babinsa, shi kansa Wix ɗin da Flash ya fara kafin ya koma HTML5 a 2012. Amma shafin farko da Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, wanda duniya ta fara gani a 1991, har yau burauzarki za ta buɗe shi ki karanta, saboda HTML ne zalla. To a nan Mai Kod yana da gaskiya, manhaja tana mutuwa, abin da ke ƙarƙashinta ne yake zama.

Amma shi ma Ɗan Gajerar Hanya bai yi ƙarya ba. Na koyar da mutane da dama kuma abin da na lura shi ne wanda ya ga aikin hannunsa ya fito da wuri shi ke dawowa gobe. Don haka 'yata ga abin da zan ce miki, ki fara da manhajar, amma ki riƙa leƙa ƙasanta. Duk abin da kika ajiye a shafi, ki danna F12 a kwamfutarki ki ga me ya zama. Sannu a hankali za ki ga ashe maɓallin nan da kika jawo wasu 'yan layuka ne kawai.

'Yar Koyo:
Na gode Baba Allah ya ƙara girma. To tsakanin Wix da WordPress fa? Kuma na shiga neman WordPress sai na ga guda biyu, ɗaya .com ɗaya .org, wanne ne na gaskiyar?

Tsohon Hannu:
Duka na gaskiya ne amma ba abu ɗaya ba ne. WordPress ita kanta manhaja ce ta kyauta, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003, ita ce ake saukewa a .org, ki ɗora ta a duk hostin ɗin da kika ga dama, wato kamfanin da ke ajiye shafi a sabarsa, kwamfutar da ke kan intanet kullum. Shi kuma .com kamfanin Automattic ne yake riƙe miki ita a sabarsa, ba ruwanki da ɗorawa, amma a tsarin kyauta akwai abubuwa da yawa da ba za ki iya saka wa ba. Idan kika ji ana cewa sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya WordPress ne, manhajar ake nufi gaba ɗaya.

Bambancinta da Wix ko Squarespace kamar gidan haya ne da gidan kanki. A na haya an yi fenti an sa komai, famfo ya lalace ba ke za ki gyara ba, amma ranar tashi kayanki kawai za ki kwasa, ginin ba ya bin ki. Shafin da aka gina a Wix ba a ɗauke shi a kai wani hostin, sai dai a sake ginawa. WordPress kuwa za ki kwashe fayiloli da rumbun bayanan ki kai duk inda kike so, amma sabuntawa da tsaro da ajiyar kwafi duk a wuyanki suke.

Ɗan Gajerar Hanya:
To ai shi ya sa nake cewa ta fara da mai sauƙin. Yarinyar da ba ta san hostin ba za a ce ta kula da rumbun bayanai?

Mai Kod:
Ba sai ta sayi hostin ba ai. Akwai Local, akwai XAMPP, ta sauke ɗaya a kwamfutarta ta kunna WordPress a ciki ko babu intanet, ta lalata ta goge ta sake babu wanda ya gani. Local ya fi sauƙi ga sabon shiga, suna kawai za ta ba shafin ta danna, shi zai haɗa mata PHP da MySQL ɗin da WordPress ke buƙata da kansa

Anti Zane:
Na karanta duk abin da kuka rubuta kuma ku yi haƙuri maza, duk kun bar maganar. Ta ce haɗa shafi take son koya, shi kuwa da zane ake fara shi, ku kuna ta faɗa a kan kayan aiki. Na ga shafin da aka rubuta da kod tun daga tushe kuma ba ya kalluwa, na ga wanda aka yi a Google Sites tsaf da shi. Ƙanwata kafin ki buɗe kowace manhaja ki ɗauki takarda da biro. Waye zai shigo shafin nan, me ya zo nema, me kike so ya danna? Ki rubuta maganar da za ta hau kowane shafi tukunna, ainihin maganar fa, ba rubutun bogi da tamfilet ke zuwa da shi ba. Yawancin sababbi tamfilet suke fara zaɓa saboda hotunan cikinsa sun burge su, suna cire hotunan su sa nasu sai kyan ya gudu, sannan su zauna suna neman abin da za su cusa a gurabe goma sha da ba su da abin faɗa a kai.

Sai ki zana akwatuna a takardar, kuma ki zana na waya FARKO, siriri dogo, don mafi yawan masu shigowa da waya za su zo, Google ma sigar waya yake dubawa wajen jera shafuka.

'Yar Koyo:
Anti wallahi kamar kin gan ni, tun ɗazu tamfilet nake ta kallo na kasa zaɓa 😂 To launi fa da salon rubutu, akwai ƙa'ida ne ko kawai abin da ya yi min kyau?

Anti Zane:
Akwai wanda ido ne akwai wanda lissafi ne. Salon rubutu kar ya wuce biyu, ɗaya na kanu ɗaya na jiki, ko ma ɗaya tak ki riƙa bambanta girma da kauri. Launi ki ɗauki ɗaya mai ƙarfi ki ajiye shi don maɓalli da abin da kike so a danna, sauran fari da baƙi da toka sun isa. Na lissafin shi ne bambancin hasken rubutu da bayansa, ƙa'idar WCAG, wadda aka yi don shafi ya yi wa masu nakasa sauƙin amfani, ta ce rubutu na yau da kullum ya kai 4.5 a kan 1, manyan haruffa 3 a kan 1, akwai shafukan da za ki sa lambar launukan biyu su gaya miki ko kin tsallake. Rubutu ruwan toka mai haske a kan fari yana kyau a idon mai zane a ɗaki, amma ki ba wanda idonsa ya fara rauni ko wanda ke tsaye a rana ki gani.

Abin da ya fi duk waɗannan kuma shi ne sarari. Sababbi tsoron wuri fayau suke, ko'ina sai sun cika. Ki bar abubuwa su sha iska, abin da ke da alaƙa ki matso da su kusa, wanda ba shi da alaƙa ki raba su da tazara, kuma tazarar ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. Wannan kaɗai idan kika kiyaye kin wuce rabin masu cewa sun iya

Mai Kod:
Wannan gaskiya ne Anti, ban musa ba. Sai dai tazarar nan da kike faɗa ai margin da padding ne a CSS, kin ga mun dawo wajena 😎

Anti Zane:
Kai dai ba ka gajiya

Mai Shiru:
Ni tambayata daban ce, ina bin ku a hankali. Yanzu da AI yake haɗa shafi cikin minti ɗaya, ka gaya wa ChatGPT abin da kake so ya zubo maka kod, su Wix ɗin ma sun saka nasu, anya koyon nan ba ɓata lokaci ba ne?

Mai Kod:
Zai zubo maka kam. Sai ka ce ya matsar da hoto gefe ya matsar ya ɓata menu, ka ce ya gyara menu ya canza maka launi, idan ba ka iya karanta abin da ya rubuta ba haka za ku yi ta zagaye har dare. Ni ina amfani da shi kullum kuma yana rage min aiki sosai, amma don na san abin da nake kallo ne

Ɗan Gajerar Hanya:
A nan dai na yarda da kai, ka rubuta ranar

'Yar Koyo:
Salam, na dawo. Na bi maganar Anti na yi zanen takarda, na haɗa shafin farko a ɗaya daga cikin manhajojin jawo-ka-ajiye ɗin nan. A laftof ya yi kyau har na tura wa ƙawata, sai ta turo min hoton yadda ya fito a wayarta, innalillahi, rubutu ya hau kan hoto, maɓalli ya koma can ƙasa shi kaɗai, kanun ma rabinsa ya fita daga sikirin. Kuma ta ce ya daɗe kafin ya buɗe. Me ya faru?

Mai Kod:
Hhhh barka da zuwa. Ba sai kin faɗi wace manhaja ba ce, na san ciwon. Wasu editocin idan kika ajiye abu suna riƙe shi ne da awo, wato kaza daga hagu kaza daga sama, kamar an kafe shi da ƙusa. To faɗin laftof ya kai fiksel 1366 ko 1920, waya kuwa wajen 360 zuwa 400 take lissafa kanta, abin da kika kafe a fiksel na 900 ina zai zauna? Shi ya sa irin waɗannan suke da wani edita daban na waya, ki nemi alamar waya a saman editan ki shiga ki jera su da hannu. Wasu manhajojin kuma, kamar editan bulok na WordPress da ya zo da siga ta 5.0 a ƙarshen 2018, ko Elementor, ko Webflow, a cikin sashe da ginshiƙi ake zuba abubuwa, idan wuri ya matse ginshiƙan su sauko ƙarƙashin juna da kansu. Wannan dabarar ta shafi ya bi girman sikirin Ethan Marcotte ne ya yi mata suna a 2010, kafin nan mutane shafi biyu suke ginawa, na kwamfuta daban na waya daban.

Kuma ba sai kin jira ƙawarki ba, ki danna F12 akwai 'yar alamar waya da tablet a gefe, ki danna za ki ga shafin a girman waya iri-iri

Anti Zane:
Ƙari a kan nasa, ki duba ko kin ɗora rubutu a kan hoto ta hanyar jawo shi kawai ki aza. Ki sa hoton ya zama bayan sashen, rubutun ya zauna a cikin sashen, ta haka tare za su riƙa motsi. Kuma na ce miki ki fara da waya fa ƙanwata, a takarda kika yi, a manhaja kika koma laftof 😄

Tsohon Hannu:
Maganar nauyi kuwa ko ban gani ba hotuna ne. Hoton da waya ta ɗauka faɗinsa yakan kai fiksel 4000, nauyinsa megabait uku ko biyar, kika sa guda shida a shafin farko kin ɗora wa mai shigowa kaya, datarsa ce ke tafiya. Ki rage faɗin zuwa 1600 ko ƙasa da haka kafin ki ɗora, ki mayar da shi WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, akwai Squoosh a burauza yake aiki kyauta, za ki ga hoton ya dawo 'yan kilobait ɗari ko biyu kuma ido ba zai gane bambanci ba. Wasu manhajojin suna matsewa da kansu amma kar ki dogara da hakan. Idan kin gama ki sa adireshin a PageSpeed Insights, abin da Google ke so shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Kar ki haukace a kan sai kin ci 100, ki karanta abin da ya ce yana jan ƙafa ki gyara na gyarawa.

'Yar Koyo:
Allah ya saka da alheri, na rage hotunan kuma gaskiya ya yi sauri. Saura abu ɗaya, duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ sai harafin ya fito wani iri, ya fi sauran ƙanƙanta kamar baƙo, a wayar ƙawata ma akwati ne ya fito a wani wurin

Anti Zane:
Salon rubutun da kika zaɓa ne ba shi da haruffan, sai burauza ta je ta aro daga wani salon ta cike gurbin, idan ba ta samu ba ta sa akwati. Ki koma Google Fonts, akwai wurin da ake rubuta jimlar gwaji, ki rubuta wadda ke da su duka manya da ƙanana ki ga waɗanda suka fito daidai kafin ki zaɓa. Noto Sans da Noto Serif suna da su, dama don maganin akwatunan nan aka yi dangin Noto. Da yawa daga cikin masu ƙyale-ƙyalen nan ba su da su, sai haƙuri

Ɗan Gajerar Hanya:
Tunda naga kamar WordPress za a tura ki, ki yi min magana ta gefe in turo miki Elementor Pro, wato Elementor na kuɗi, da tim (rigar da ke canza kamannin shafi) masu tsada, ina da su da yawa an cire musu makulli, ba sai kin biya ba

Mai Kod:
KAR KI KARƁA. Mutumina kai ma ka daina. Wanda ya zauna ya cire makullin ka san me ya saka a madadinsa? Haka ake cusa ƙofar baya, wata uku shafi ya fara tura mutane wurin caca ko Google ya manna masa jan gargaɗi, kuma ba ya karɓar sabuntawa, ramin da aka toshe wa kowa naka yana nan a buɗe

Ɗan Gajerar Hanya:
Ai lasisin GPL ne malam, irin na WordPress, ya yarda a raba, ba sata ba ce

Mai Kod:
Ban ce maka ɓarawo ba. Lasisi ya yarda a raba kod ɗin, amma lasisi bai duba maka abin da ke cikin fayil ɗin da ka sauke daga shafin da ba ka san mai shi ba. Ita da take koyo me za ta yi da Pro ma? Na kyautar da ke cikin ma'ajiyar WordPress sun ishe ta shekara

Admin:
A daina tallar manhajar da aka fasa a nan don Allah, doka ce ta zauren. A ci gaba da muhawara.

Tsohon Hannu:
Tunda an zo nan bari in ƙara, fulogin ma, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, kar ki tara. Sabon shiga yana ganin kowanne ya saka, na fom, na hoto mai juyawa, na dusar ƙanƙara tana zuba, kowanne kuma nauyi ne kuma ƙofa ce. Wanda ba kya amfani da shi ki goge, ba kashewa kawai ba. Kafin ki saka ki duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe.

Sai babbar maganar da ba wanda ya taɓo, tunda kin ce kina so ki yi wa mutane aiki nan gaba. Domen. Sunan shafi ba saye ake yi na har abada ba, haya ce ta shekara-shekara, ranar da aka manta ba a sabunta ba shafi da imel duk su ɗauke, idan aka yi sakaci wani ya kama sunan. Kuma ki yi rajistarsa da sunan mai shafin da imel ɗinsa, ba naki ba. Na taɓa karɓar aikin wata ƙungiya da wanda ya fara yi musu shafi ya yi rajista da sunansa sannan ya ɓace, ba su da kalmar sirri ba su da komai, dole suka canza suna bayan sun buga tsohon a takardunsu duka. Idan domen yana hannunku, ko wace manhaja kuka bari sai dai a juya DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da sabar da yake ciki, ya nuna sabon wuri, ya ɗauki 'yan awanni ko ya kai kwana biyu, shikenan masu shigowa ba su ma san an tashi ba. Ki sani kuma yawanci sabon domen ba ya komawa wani kamfanin rajista sai ya yi kwana 60.

'Yar Koyo:
Baba wannan ban taɓa sanin haka ba wallahi, na ɗauka idan ka saya ka saya. To makullin nan da ke gefen adireshi fa, shi ma saye ake?

Tsohon Hannu:
Takardar shaidar SSL kenan, ita ke sa adireshi ya fara da https. Su Wix da Squarespace suna sakawa da kansu. A hostin na kanki kuma yawanci akwai Let's Encrypt kyauta, danna ɗaya ne kuma yana sabunta kansa. Kar ki bar shafi babu shi, tun 2018 Chrome yake rubuta wa irinsu cewa ba su da tsaro, mutum yana gani zai juya.

Mai Shiru:
To ni dai har yanzu ban ji an yanke ba, Wix ko WordPress?

Anti Zane:
Ba za a yanke ba ai, ya danganta da abin da kake so. Shafi ɗaya kake so na kanka ka huta, ɗauki mai jawo-ka-ajiye. Sana'a kake so, WordPress za ka fi cin karo da shi wurin kwastomomi. Zane ne ya fi damunka kuma kana son ka fahimci CSS ba tare da ka rubuta ba, Webflow, don shi sunayen CSS ɗin ne a jikin maɓallansa, sai dai yana da wuyar shiga ga wanda bai san komai ba. Ita dai 'Yar Koyo ni a ganina ta ƙarasa wannan da ta fara, ta sake gina shi ɗin dai a WordPress cikin kwamfutarta, abu ɗaya a wuri biyu, a nan za ta gane me ye na manhaja me ye na zane

Mai Kod:
Sannan ta gina shi karo na uku da HTML da CSS ta ɗora a GitHub Pages kyauta

Ɗan Gajerar Hanya:
Na san sai ka kawo mu nan 😂

'Yar Koyo:
Jama'a ku taimaka na shiga uku. Na danna F12 ɗin a wani babban shafin labarai ina dubawa, na danna kan kanun labarin sau biyu na goge na rubuta sunan ƙungiyarmu don in gwada, kuma ya CANZA. Yanzu sunanmu ne a saman shafinsu. Za su gane ni ce? Ya zan mayar??

Ɗan Gajerar Hanya:
Hhhhhh shikenan ki haɗa kayanki, suna hanya

Anti Zane:
Kai ka bar tsorata min ƙanwa. Ba abin da kika taɓa, ki danna F5 kawai

Mai Kod:
Kwafin da burauzarki ta sauko da shi kika canza, nasu yana can a sabarsu ba wanda ya taɓa, ke kaɗai kike ganin haka. Amma kin ga abin da kika goge ɗin a tsakanin me yake? Duba ki gaya min, h1 ne ko h2?

'Yar Koyo:
Alhamdulillah ya dawo, har hannuna rawa yake. h1 ne. Na je na duba nawa kuma sai na ga h1 har guda biyar, don duk inda nake son rubutu ya yi girma shi nake zaɓa

Mai Kod:
To gyara na gaba kenan. h1 ɗaya a shafi, shi ne babban kanu, sassan ƙarƙashinsa h2, na ƙarƙashinsu h3, kar ki tsallake. Ba don girma aka yi su ba, manhajar da ke karanta wa makafi shafi da su take tsalle daga sashe zuwa sashe, Google ma da su yake gane tsarin maganarki. Girma kike so ki bar shi a sakin layi ki ƙara masa lamba a wurin girman rubutu. Kuma tunda kina ciki ki duba hotunanki ko kin cike musu gurbin alt, jimla ɗaya da ke faɗin abin da ke hoton, ba sunan fayil ba

'Yar Koyo:
Babu ko ɗaya da na cike 🙈 bari in je in yi. Wanda na sa don ado kawai fa, irin layin nan mai lanƙwasa, shi ma sai na rubuta masa?

Mai Kod:
A'a shi ki bar gurbin fayau, idan manhajar tana da wurin da ake cewa na ado ne ki danna shi, sai mai karantawar ta tsallake shi